Infusion a Turanci, infus a bakin mutanen Indonesiya: tambayoyi da amsoshi

Kalmar nan tana rikita mutane fiye da yadda ake zato, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Indonesiya, da 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya kasuwar Tanah Abang a Jakarta, da masu karatun jinya ko haɗa magunguna da suke cin karo da ita a littafi. A Turanci kalma ce mai faɗi, ta ɗauki shayi, ta ɗauki ƙarin ruwa na asibiti, ta ɗauki har kuɗin da aka zuba wa kamfani. A Indonesiya kuwa ta tsuke, in ka ji an ce infus to kusan kullum maganar asibiti ake. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Wai mene ne ma'anar infusion a Turanci?

Manyan ma'anoninta uku ne. Ta farko jiƙo, wato ka zuba ruwa a kan ganye ko fure ko wani abu mai ƙamshi ka bar shi ya jiƙu har amfaninsa ya fito cikin ruwan, kuma aikin da ruwan da aka samu duk sunansu ɗaya. Shayin da kake sha da safe infusion ne, na'a-na'a da aka zuba wa ruwan zafi shi ma haka, kuma ba dole sai ruwa ba, ana yi da mai, kamar man zaitun da aka jiƙa tafarnuwa ko barkono a ciki. Ta biyu ita ce ta likitoci, saka ruwa ko magani a jiki a hankali ta jijiya, abin da muke ce wa ƙarin ruwa. Ta uku kuma ta aro ce, shigar da wani sabon abu cikin wata harka don ta farfaɗo, kamar kuɗi ko sababbin ma'aikata ko sabon tunani.

Yadda za ka gane wacce ake nufi shi ne ka dubi maƙwabtanta a jimla. In ka ga herbal a gabanta to shayin ganye ne, in ka ga intravenous ko pump ko rate to asibiti ne, in kuma cash ko capital ne to maganar kuɗi ce.

Me ya haɗa shayi da ƙarin ruwa har suka ci suna ɗaya?

Zubawa. Asalin kalmar daga Latin ne, infundere, ma'anarta zuba a ciki, kuma ta shiga Turanci tun wajen ƙarni na 15. A shayi ruwa ake zubawa a kan ganye, a asibiti ruwa ake zubawa a jijiya, shi ke nan dangantakar. Daga wannan tushe ne transfusion ta fito, wato ƙarin jini, har ma funnel da muke ce wa mazurari.

Akwai wani abu da nake so a tarihin kalmar. A 1676 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek, a garin Delft, ya jiƙa masoro a ruwa ya bar shi na makonni, da ya duba ruwan da madubin ƙara girman abu da ya haɗa da hannunsa sai ya ga ƙananan halittu birjik suna yawo. Daga baya masana suka raɗa wa ire-iren halittun nan suna infusoria saboda a cikin jiƙo ake yawan samunsu. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo maganar banbancin abin sha da abin sawa a jijiya.

To a yaren Indonesiya fa, me infus take nufi?

Ƙarin ruwa, kai tsaye. In wani ya ce maka dia diinfus, yana nufin an sa wa mutumin ruwa. Menginfus shi ne sa wa wani ruwa, diinfus shi ne a sa maka. Sannan akwai kalmomin da suke tafiya da ita waɗanda duk wanda ya taɓa jinya a can ya san su: cairan infus shi ne ruwan kansa, selang infus ita ce siririyar robar da ruwan ke bi, jarum infus allurar, tiang infus kuma ƙarfen da ake rataye ledar. Pasang infus sakawa, lepas infus cirewa.

A wurinsu kalmar har ma'aunin tsananin ciwo ce, kamar dai yadda mu ma za ka ji an ce ai har leda uku ya sha. In ɗan Indonesiya ya ce sampai diinfus, wato har sai da aka sa ruwa, yana gaya maka ciwon ba na wasa ba ne. Cututtukan da aka fi jin wannan magana a kansu su ne zazzaɓin dengi da suke taƙaitawa DBD, da taifot da suke ce wa tipes, da gudawa mai tsanani.

Me ya sa suke cewa infus, ba infusion ba? Gajarta Turancin suka yi?

A'a, ba daga Turanci suka ɗauko ba. Daga yaren Holan ne, inda ake ce wa ƙarin ruwa infuus. Holan ta daɗe tana mulkin tsibiran nan kafin su ayyana 'yancinsu ranar 17 ga Agusta 1945, kuma likitancin zamani ta hannunsu ya shiga, makarantar horar da likitoci 'yan ƙasa ta farko an buɗe ta a Batavia, wato Jakarta ta yanzu, a 1851, ita ce daga baya ta zama STOVIA. Shi ya sa kalmomin asibiti da yawa na Holan ne: apotek kantin magani, resep takardar magani, opname kwantar da mutum a asibiti, suster nas. Ita kanta selang ɗin nan daga slang take, wadda a yaren Holan take nufin maciji kuma take nufin tiyo.

Wannan ne ya sa ma'anar ta tsuke. Ba su aro kalmar Turanci mai faɗi ba, sun aro ta asibiti ce kawai.

In ina so in faɗi jiƙo ko shayin ganye a Indonesiya, me zan ce?

Kar ka ce infus, za a yi maka kallon wanda ba shi da lafiya. Suna da kalmominsu na gida kuma sun rarrabe su tsaf. Seduh shi ne zuba ruwan zafi a kan abu, abin da aka samu kuma seduhan. Rebus shi ne dafawa a kan wuta, ruwan da aka samu rebusan. Rendam shi ne jiƙawa, abin da aka jiƙa rendaman, wannan ita ce ta fi kusa da jiƙonmu da ake zuba saiwa ko sassaƙe a ruwan sanyi a bari ya kwana.

Kuma gaskiya mutanen nan sun yi nisa a harkar. Akwai jamu, maganin gargajiyarsu da ake sha, wanda UNESCO ta sa al'adarsa cikin jerin kayan gadon duniya a 2023. Da sassafe a garuruwan tsibirin Jawa za ka ga mace ta goyo kwando cike da kwalabe tana bi gida-gida, jamu gendong ake ce musu, tana tsiyaya maka a ƙaramin kofi kana tsaye ka shanye ka miƙa mata kofin. Akwai kunyit asam na kurkur da tsamiya, akwai beras kencur na shinkafa da wata saiwa dangin citta, akwai masu ɗaci irin sambiloto da brotowali. Sai wedang jahe, ruwan citta mai zafi, da wedang uwuh na yankin Imogiri kusa da Yogyakarta, wanda ake tara citta da kanumfari da ganyaye da itacen secang da ke mayar da ruwan ja. Zoɓonmu ma suna da shi, rosela suke ce masa kuma suna shan sa a matsayin shayi, zogale kuwa kelor.

Na ga an rubuta infusa a wata takardar bincike daga Indonesiya, ɗaya suke da infus?

Ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk shafin nan, don haka bari in tsaya a kanta. Harafi ɗaya ne tsakaninsu amma infusa kalmar masu haɗa magunguna ce, kuma a littafin ƙa'idar magungunan ƙasar, Farmakope Indonesia, an fayyace ta: ruwan da aka samu ta hanyar ɗumama busasshen ganye ko wani sashen tsiro a cikin ruwa a zafin digiri 90 na minti 15, ana juyawa lokaci-lokaci, sannan a tace da ƙyalle. In aka kai minti 30 a wannan zafin sunansa ya koma dekokta, shi ake yi wa abubuwa masu tauri irin saiwa da ɓawo. To in ka ga infusa daun kelor, jiƙon ganyen zogale ake nufi, na sha ne ko na gwaji a ɗakin bincike.

Matsalar ita ce in aka juya takardun nan zuwa Turanci, musamman da manhajar fassara, infusa da infus duk sai su fito a infusion, wanda bai sani ba sai ya karanta moringa leaf infusion ya ɗauka wai ana ƙara wa mutane ruwan zogale ta jijiya a Indonesiya. Ba a yi, kuma don Allah kar wani ya gwada. Ruwan da ake sawa a jijiya ana haɗa shi a masana'anta, babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki, babu gari ko ɓurɓushi, an auna gishirinsa daidai da abin da jini zai ɗauka. Jiƙo kuwa ko sau goma ka tace shi akwai abin da ido ba ya gani a ciki, irin abin da mutumin Delft ɗin nan ya gani. Ciki yana da hanyar da yake tacewa da kashe abubuwa da yawa, jijiya ba ta da wannan, abin da ya shiga ya tafi zuciya da huhu da ƙoda kai tsaye.

Me ke cikin ledar ƙarin ruwan ne?

Waɗanda aka fi sawa uku ne, kuma a Indonesiya za ka ga an rubuta su a taƙaice. NaCl 0,9% ruwan gishiri ne, giram 9 na gishiri a kowace lita, ka lura su waƙafi suke sawa a inda mu muke sa ɗigo a lissafi. RL shi ne Ringer Laktat, ruwa mai gishirin sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da laktat, sunan ya samo asali daga Sydney Ringer, likita a Landan da ya haɗa shi a shekarun 1880, sai wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara masa laktat a shekarun 1930, shi ya sa a wasu ƙasashen da sunan Hartmann aka san shi. Na uku D5, ruwan sukari kashi 5 cikin 100.

Shi kansa ƙarin ruwan kwalara ce ta haife shi. A 1832, lokacin da annobar ke yaɗuwa a Birtaniya, wani likita a garin Leith na Sikotilan mai suna Thomas Latta ya fara ɗura wa masu amai da gudawa ruwan gishiri ta jijiya, ya ga waɗanda aka fidda rai da su suna buɗe ido suna magana, duk da da yawa sun sake komawa saboda a lokacin ba a san tsabtace ruwa da kayan aiki daga ƙwayoyin cuta ba.

Mene ne tpm da nake gani a takardar majinyaci?

Tetes per menit, wato ɗigo nawa a minti. Robar manya yawanci ɗigo 20 ne ke ba da mililita 1, ta yara ƙanana ɗigo 60. In likita ya ce leda mai mililita 500 ta shiga cikin awa 8 da robar manya, lissafin 500 sau 20 a raba da minti 480, ya ba ka kusan ɗigo 21 a minti. Shi ya sa za ka ga nas ta tsaya tana kallon agogo tana kallon ɗan kwalbar da ruwan ke ɗiga tana murza ƙaramar tayar nan. Mai jinya kar ya taɓa tayar don wai ruwan ya yi saurin ƙarewa a tafi gida, an ƙayyade saurin ne da dalili.

Infusion da injection da transfusion, ina banbancin?

Injection allura ce, a tura maganin lokaci guda a cire, Indonesiya suna cewa suntik ko suntikan. Infusion a hankali take shiga, daga mintuna zuwa awanni, wani lokacin da na'ura mai auna saurin, kamar yadda ake ba da wasu magungunan ciwon daji ko maganin ƙarancin sinadarin ayon a jini. Transfusion kuwa jini ne, su kuma transfusi darah.

Na karanta a labaran kasuwanci an ce cash infusion, yaya ake faɗin wannan a Indonesiya?

A nan ne za ka ga fassarar kalma da kalma ba ta aiki. Bature ya ce an ɗura wa kamfani kuɗi, ɗan Indonesiya kuwa allura yake cewa an yi masa: suntikan dana ko suntikan modal, dana kuɗi, modal jari. Suna kuma cewa kucuran dana, wato kwararar kuɗi. Mu a Hausa zuba jari ko tallafin kuɗi ya wadatar. In an ce infusion of new talent kuma, shigo da sababbin hannu ake nufi.

Wani abokina a Surabaya ya ce firintarsa infus ce, wasa yake?

Da gaske yake. Printer infus suna ne da kowa ya sani a can, firinta ce da aka maƙala wa tankunan tawada a gefe, siraran robobi suna kai tawadar ciki ba tsayawa, maimakon kullum a sayi sabon katirij. Kamannin robobin da na asibiti ne ya jawo sunan. A shagunan buga takardu na kusa da jami'o'i ita ce ta fi yawa saboda sauƙin kuɗi. Manoman kwakwa da kwakwar manja ma suna da infus akar, a yanke saiwa ɗaya a tsoma ta cikin 'yar leda mai maganin ƙwari a ɗaure, bishiyar ta zuƙe da kanta. Duk dai hoton ƙarin ruwan asibiti ne suke arowa, ba na shayi ba.

Infused water fa?

Wannan Turancin suka bari yadda yake ba su fassara ba. Ruwan sanyi ne da aka yanka lemon tsami ko kokwamba ko na'a-na'a a ciki aka sa a firij na wasu awanni. Yana da daɗi kuma yana sa mutum ya sha ruwa da yawa, iyakarsa ke nan, maganar wai yana wanke dattin jiki aikin hanta da ƙoda ne wannan. Kar kuma a bar shi ya kwana a waje cikin zafi.

Gaskiya ne ƙarin ruwa yana ƙara ƙarfi ko hasken fata?

Wannan imanin mun yi tarayya da su a kai, kuma yana damuna. A manyan biranen Indonesiya za ka ga ana tallar infus whitening da infus vitamin C, ana sa wa mutum wani sinadari mai suna glutathione da bitamin ta jijiya wai don fata ta yi haske, alhali hukumomin kula da magunguna na Amurka da Filifin duk sun yi gargaɗi a kan allurai da ruwan hasken fata. Mu kuma a nan mutum zai ji kasala kawai ya tafi kemis ya ce a sa masa leda ɗaya, ko a kira wani ya zo gida ya rataye ledar a ƙusar bango.

Ledar D5 mai mililita 500 sukarin da ke ciki giram 25 ne kacal, bai kai na kwalbar lemo ɗaya ba, to ina ƙarfin? Haɗarin kuwa na gaske ne: jijiya ta kumbura, ƙwayar cuta ta shiga jini, ga mai ciwon zuciya ko ƙoda ruwan yana iya taruwa a huhu numfashi ya gagara, haka yaro mai tamowa. Wanda zai iya sha da baki to shan ya fi masa. Ga gudawa akwai ORS, su oralit suke ce masa, in babu na sacet a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mutum ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa ya galabaita, wannan na asibiti ne ba ɓata lokaci, a nan ne ƙarin ruwa yake ceton rai.

Yana karya azumi?

Kowane watan Ramadan su ma sai sun yi wannan tambayar, tunda Indonesiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya. Malamai da yawa sun raba tsakanin allurar magani da ruwan da ke tsayawa a madadin ci da sha, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Jidda a 1997 ta sa allurar magani cikin abin da ba ya karyawa amma ta cire ruwan da ke ciyarwa. A tuntuɓi malamin da aka yarda da shi, kuma wanda ciwo ya kai shi ga ƙarin ruwa ai yana da rangwamen ajiye azumi ya rama.

Mu da muka yi boko da Faransanci fa, a Nijar ko Kamaru ko Cadi?

Ku naku ma juyawa ya yi. A Faransanci infusion shayin ganye ce, ƙarin ruwa kuwa perfusion. To infus ta Indonesiya ita ce perfusion ɗinku, infusion ɗinku kuma ita ce seduhan tasu.

In na samu kaina ina jinya a can, waɗanne kalmomi zan riƙe?

Asibiti rumah sakit, ƙaramin asibitin unguwa puskesmas. Nas mace ana kiranta Sus, likita Dok, kuma fara magana da tolong, wato don Allah a taimaka, yana da kyau. Infusnya habis, ruwan ya ƙare. Infusnya macet, ruwan ya tsaya ba ya ɗiga, kalmar da suke faɗi ke nan ma in motoci sun cushe a titi. Tangannya bengkak, hannun ya kumbura. Ada darah di selang, akwai jini a robar. Saya alergi sai ka faɗi sunan maganin da jikinka ba ya so, wannan ka faɗa tun kafin a rataye komai. Karatun ba zai ba ka wahala ba, harafin c nasu irin namu ne na ciki da cokali, don haka macet da cairan yadda ka gan su haka za ka furta.